Dutsen Kwallin Inna Safara'u

A Unguwar Kanawa, idan ka ce Safara'u sai an tambaye ka wacce, amma idan ka ce Inna Safara'u mai kwalli, kowa zai nuna maka gidan. Rabin unguwa da kwalli suka san ta, ɗaya rabin kuma da ƙyanƙyami. Mace ce da idan ta shiga gidan suna, kafin ta ce barka da arziki, idonta ya riga ya zagaye tsakar gida, ya leƙa bakin rariya, ya duba gindin murhu. Da ka ga leɓenta na sama ya ɗan ɗage, to gidan nan ya faɗi. Ba ta zagi, ba ta gori, sai dai ta tattare bakin zanenta ta zauna a gefen tabarma, ta ƙi jingina da bango. Matan unguwa sun fi son a zage su a kan wannan zaman.

Daga Zariya aka kawo ta Kaduna, gidan Malam Audi, masinja a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai haƙuri wanda ya rayu ya mutu yana wanke ƙafa a bakin ƙofa kafin a bar shi ya shiga ɗakinsa. Cikin kayan da ta zo da su akwai dutsen niƙa na mahaifiyarta, mai santsi, wanda tsakiyarsa ya lotsa saboda aiki. A kansa uwarta ta niƙa kwalli, a kansa ita ma ta ɗora. Takan sayo duwatsun kwalli masu ƙyalli, ta wanke, ta shanya, ta rufe ƙofar ɗaki don kada iska ta kawo mata yashi, sannan ta durƙusa ta yi ta niƙa har ya koma gari. Ta tankaɗe da farin ƙyalle, ta ɗan taɓa da haƙori ta ji ko da sauran tsakuwa, ta ɗura a tandu. Amare na zuwa, masu jego na aikowa, domin jaririn da ba a sa wa kwalli ba a wajensu kamar ba a gama yi masa wanka ba ne. Da Malam Audi ya rasu, da wannan dutsen ta ƙarasa renon 'ya'yanta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

Autanta Salim ya yi karatu ya samu aikin ofis, ya auri Nafisat malamar firamare, suka kama haya a Badarawa. Da suka haifi Ummukulthum, wadda ake kira Ummi, babu wanda ya tsaya shawarar inda za a riƙa barin ta idan an tafi aiki. Ina kuwa ya fi ɗakin Inna, inda ko tuwo ya faɗi ƙasa za ka iya ɗauka ka ci? Kullum da safe Salim ya sauke ta, da yamma Nafisat ta ɗauka. A ɗakin nan Ummi ta yi rarrafe, a nan ta fara tsayuwa, tana dafa bayan kakarta ana niƙa. Inna na gamawa ta ɗauki tsintsiya ta share, ta kaɗe tabarma, ta sake sharewa. Ta yi wa yarinya wanka ta zizara mata kwalli, yarinya ta murza ido ta sa hannu a baki. Ummi ta fito da baki da wuri, tana cewa ruwa, tana cewa tafi, tana kwaikwayon mai tallan awara har Inna ta yi dariyar da ba a saba ji daga gare ta ba.

Bayan an yaye ta sai abubuwa suka fara canzawa. Ta daina cin abinci, cikinta ya ɗaure, tana yini tana ƙananan koke-koke. Aka ce haƙori ne, aka ce ciwon shawara ne, aka ce yaye ne bai karɓe ta ba. Abin da ya fi tayar wa Nafisat hankali shi ne maganar da ta tsaya. Kalmomin da yarinyar ta iya suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma nuni da hannu. Wata Asabar da hantsi ta sanƙare tana jijjiga, aka kwashe ta sai asibiti.

Gwajin jini ya nuna gubar dalma. Likitar yara, wata siririya mai tabarau, ta zaunar da su ta yi ta tambaya. Akwai mai gyaran batir a gidan? Akwai tsohon fenti da ke ɓarewa? Akwai mai zuwa haƙar ma'adinai? Duk babu. Sai ta ɗaga fatar idon Ummi ta ga baƙin layi, ta ce, “Wannan fa, na kanti ne ko na dutse?”

Inna Safara'u ta gyara zama. “Na dutse ne, 'yar nan. Ni nake niƙa shi da hannuna. Ba na sa wa jikata abin da ban san wanda ya taɓa ba.”

“To Inna, a kawo mana shi mu gwada. Dutsen kwalli da yawa dalma ce a cikinsa. Ba ta ido ta fi shiga ba, ta baki ne. Garin yana sauka a ƙasa, yaro ya dafa ya tsotsi hannu.”

“A ɗakina?” in ji Inna. “Garin yana sauka a ƙasan ɗakina ya zauna? Auta, gaya mata sau nawa nake shara.”

“Sharar ma tana tayar da shi ne, Inna, ya bazu ko'ina,” in ji likitar, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Wannan maganar ta fi mari zafi. A ce tsintsiyarta, wadda ta fi ta kowa aiki a Unguwar Kanawa, ita ce ke raba ƙazanta! Ta so ta yi musu, amma da aka gwada kwallin aka tabbatar, sai ta haɗiye. Inna mai taurin kai ce, amma ba a kan ran jikarta ba. Ta tattara duwatsun kwalli da tanduna da ƙyallen tankaɗe ta miƙa wa Salim. Shi kuma ya bi umarnin asibiti, ya fitar da tabarmi, ya goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma tun daga bango har ƙasa. Dutsen niƙan ya yi masa nauyi a babur, sai ya jingine shi bayan kicin, ya ce zai dawo ya ɗauka. Hidimar asibiti ta sha kansa, bai dawo ba.

Likitar ta yi musu bayanin maganin. Ta ce idan ya shiga jini yakan cafke dalmar ya riƙe ta gam, su fita tare ta fitsari. Za a sha na 'yan makonni, a sake gwaji. “Amma da sharaɗi,” in ji ta. “Kada wata dalmar ta ƙara shiga. Idan muna kwashewa ana ƙara zubawa, mun yi aikin banza, wataƙila ma mu ƙara mata ciwo. Yarinya ta zauna a Badarawa. Inna, idan za ki zo, ki yi wanka ki sauya kaya.” Inna ta yi mata wani kallo. Ita za a koya wa wanka!

Ranar da aka sallamo su, Nafisat ta buɗe robar maganin a falo, Inna na zaune. Wari ya bugo. Ba warin magani ba ne irin na asibiti da aka saba, wari ne na ruɓaɓɓen ƙwai da ya fashe a cikin lambatu. Inna ta miƙe zumbur ta yi waje, ta tsaya bakin famfo tana tofar da yawu, idonta na hawaye.

“A'uzubillahi! Nafisat, wannan ya lalace. Mayar musu.”

“Haka yake, Inna. Sun ce haka warinsa yake.”

“Wannan ba magani ba ne, masai aka ɗura a roba. Kwallina da ba ya wari, ba ya ɗoyi, yana ƙyalli, shi ne guba, wannan kuma shi ne lafiya? Duniya ta juya!”

Kafso ne, ana buɗe shi a zazzage 'yan ƙananan ƙwayoyin ciki a kan abinci mai laushi a ba yaro. Ummi ta gado hancin kakarta. Aka sa a koko ta furzar, aka sa a ayaba ta tofar, aka sa a zuma ta yi amai a jikin uwarta. Ɗan abin da ya samu ya wuce kuma sai ya fito da warinsa, a numfashinta, a guminta, balle fitsari, wanda ko an wanke fo da omo sai ɗakin ya yini yana tashi. Gidan Salim gaba ɗaya ya koma ɗoyi, labule da matasan kai duk suka kama. Nafisat ta rame, tana bin yarinya da cokali tana kuka, ita ma yarinyar tana kuka. Kowa ya san abin da ke gabansu. Idan maganin bai zauna a cikin Ummi ba, dalmar za ta zauna, kuma bakin da ya rufe ba lallai ya sake buɗewa ba.

Inna ta koma gida ta yi tunani. Ta san harshen jikarta fiye da uwar da ta haife ta. Ummi na son gyaɗa, tana son dabino, tana son abu mai ɗan tsami. Idan aka haɗa soyayyar gyaɗa da dabino da ɗan ruwan tsamiya, aka niƙa lukui yadda ba abin da zai tsaya a harshe, zaƙi da tsami za su danne warin kafin yarinya ta farga. Ta soya gyaɗa ta murje, ta cire ƙwallon dabino, ta zuba a kwano ta rufe, ta nufi injin Rabi'u da ke bakin layi.

Da ma ba ta taɓa kai niƙa inji da kanta ba, ranar ta ga dalili. Ruwan da Rabi'u ke ɗauraye inji da shi yana cikin wata tsohuwar duro mai tsatsa, ya yi kauri, fatar tumatir na yawo a kai. Bakin injin ya daskare da ƙullun waken wata, ƙuda sun yi masa rumfa. Tana tsaye Rabi'u ya juya ya fyace majina da yatsu, ya shafa a wando, ya mayar da hannun nan cikin markaɗen wata baiwar Allah yana turawa. Sai ya ɗago ya washe baki.

“Inna, yau ke da kanki? Kawo in sa miki a gaba.”

“Allah ya kiyaye,” in ji Inna. Ta rungume kwanonta ta juya gida.

A bayan kicin ta ga dutsenta a jingine. Ta daɗe tana kallonsa. An ce kwalli guba ne, ta yarda, ta rabu da shi. Amma dutse ai dutse ne. A iya saninta, kuma saninta a wannan fannin ba kaɗan ba ne, babu abin da ruwa da sabulu ba sa fitarwa. Najasa ma ana wankewa a yi salla a wurin, balle gari. Ta jawo shi tsakar gida. Ta dirje shi da toka, ta bi da sabulu da soson ƙarfe, ta matse lemon tsami ta goge, ta kwarara masa tafasasshen ruwa, ta sake daga farko. Sai da baƙin ya fita dutsen ya yi fari-fari. Ta shanya a rana, ta goga farin ƙyalle ta duba, babu ko ɗigo. Ta sunkuya ta shinshina, babu komai sai ƙamshin lemo. Duk Kaduna ranar babu dutsen da ya kai shi tsabta a ido.

A kansa ta niƙa haɗin, ya fito sumul kamar man shanu. Ta yi wanka, ta sauya kaya kamar yadda aka ce, ta hau keke napep zuwa Badarawa. Ta buɗe kafson da kanta tana ɗauke numfashi, ta zazzage a kan cokali, ta lulluɓe da haɗin. Ummi ta lasa, ta tsaya, ta haɗiye, ta buɗe baki tana neman ƙari. Nafisat ta durƙusa a gaban surukarta tana hawaye. “Inna, Allah ya saka da alheri. Allah ya bar mana ke.”

Daga ranar aikin ya koma hannun Inna. Kullum ta niƙa sabo, don ba ta yarda da kwanannen abu ba. Matar da ba ta iya wucewa ta gefen kwata ba tare da ta toshe hanci ba, ita ce ke ɗora Ummi a cinya, numfashin ruɓaɓɓen ƙwai na dukan fuskarta, tana yi mata wasa. Ita ke zubar da fo, ita ke wanke zannuwan fitsari, tana yi tana yunƙurin amai tana cewa tir da wannan abu, amma ba ta bar wa kowa ba. Idan ta koma gida sai ta yi wanka har fatarta ta yi zafi, ta turara kayanta, duk da haka ta ji warin a maƙogwaronta, ta kasa cin tuwo. Ta rame ita ma. Sai dai a ranta tana jin daɗi, tana ganin abin da kwallinta ya ɓata, hannunta na gyarawa. Ba wanda ya tambaye ta inda take niƙa. Wa zai tambayi Inna Safara'u maganar tsabta?

Kafin maganin ya ƙare Ummi ta fara amai ba dalili. Tana tafiya tana tangaɗi, tana yawan barci, idan an tashe ta sai ta yi ta kallon mutum kamar ba ta san shi ba. Aka koma asibiti tun ranar da aka ba su ba ta zo ba. Likitar ta dawo da sakamakon jini fuskarta a ɗaure.

“Ya kamata a ce ta sauka sosai. Ba ta sauka ba, ta ma hau. Akwai inda take shiga har yanzu. Ta koma Unguwar Kanawa?”

“Ko sau ɗaya,” in ji Salim.

“An sa mata kwalli?”

“Wallahi ba a sa ba,” in ji Inna da sauri. “Ni ma na daina sawa. Dubi idona.”

Aka bi ruwan sha, aka bi tukwane, aka bi kayan wasa, aka bi magungunan gargajiya. Aka zo kan abinci, Nafisat ta ambaci haɗin gyaɗa da dabino, har tana yabawa. Sai ta juya. “Inna, injin wa kike kai wa? Ko na Rabi'u ne?”

“Inji? Ni in kai abincin Ummi wajen wannan ƙazamin? A dutsena nake niƙawa. Na wanke shi tas, ki je ki gani, ko allo ba a wanke haka.”

Salim ya dafe kai da hannu biyu, don ya tuna wanda ya jingine dutsen ya tafi. Nafisat ta juya fuska ga bango.

Likitar ta cire tabarau. “Inna, dutse yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Tun zamanin mahaifiyarki yake shan kwalli. Wanki ya ɗauke na sama ne kawai. Duk niƙan da kika yi, dutse na goga dutse, na ciki na fitowa. Tsamiya kuma tana narkar da shi, ya fi saurin shiga jiki.”

“Na goga farin ƙyalle,” in ji Inna. Muryarta ta yi ƙasa. “Babu baƙi. Na shinshina.”

“Ba ta da wari, Inna. Shi ya sa take da haɗari.”

Nan take Inna ta ji abin da ta saba ji a gidajen mutane ya taso mata, irin tashin zuciyar nan da ke fara daga ciki ya hau wuya. Sai dai wannan karon babu inda za ta tattare zane ta matsa. Kowane cokali ta tuna, yadda ta lallaɓa, yadda ta yi waƙa, yadda yarinya ta buɗe mata baki saboda ta yarda da ita. Ta fita da gudu ta durƙusa bakin magudanar ruwan asibiti, wadda da safe ta tsallake tana tsaki, ta yi ta amai har babu abin da ya rage.

Aka kwantar da Ummi. Yanzu ba na baki ba ne, wani maganin ne mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya cikin ƙarin ruwa, ana auna fitsarinta ana duba ƙodarta. Likitar ba ta ɓoye musu ba. Ta ce za su fitar da abin da ke cikin jini da yardar Allah, amma abin da dalma ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa, magani ba ya mayar da shi. Ko bakin zai dawo, ko zai dawo duka, sai lokaci ya nuna. Salim ya je da mota ya ɗauke dutsen a ranar, Inna ba ta tambayi inda ya kai shi ba.

Ba wanda ya hana ta zuwa asibiti, ba wanda ya gaya mata baƙar magana, kuma hakan ya fi mata ciwo. Takan zo ta zauna a benci a baranda, cikin warin fitsari da na maganin wanke ƙasa, ba ta ko yatsine fuska. Wata rana da azahar Nafisat ta leƙo.

“Inna, ta farka. Shigo ki gan ta.”

Ummi na zaune a gado, an naɗe mata hannu ɗaya da filasta, ta yi fayau. Ta kalli ƙofa, ta daɗe tana kallo, sannan ta gane. Ba ta ce komai ba, sai ta ɗaga hannun da ba a ɗaure ba ta miƙa wa kakarta, tana buɗe yatsu tana rufewa.

Inna ta matso, ta miƙa nata hannuwan. A hasken taga ta gan su. Ta wanke su kafin ta fito, ta sake wankewa a famfon asibiti, amma ga siraran layuka nan baƙaƙe a tsagar fatar yatsunta da gefen farce, waɗanda ta ɗauka duk tsawon rayuwarta launin hannunta ne kawai. Ko kwalli ne, ko tsufa ne, ba ta sani ba, kuma yanzu ba ta yarda da idonta ba.

“Ɗauke ta mana, Inna,” in ji Nafisat a hankali. “Likita ta ce ba komai. Ke take nema.”

Inna Safara'u ta janye hannuwanta ta cusa cikin hijabi, ta matse su a ƙirji. Ummi ta ƙara miƙo hannu, ta fashe da kuka. Inna ta tsaya a gefen gadon tana kallonta, hawaye na zuba, tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, amma ba ta fito da hannuwan ba.